Ruwan Maɗaciya Bai Zama Maganin Kumburin Hanji Ba Tukuna

Na gaji da jin wannan magana a majalisa: wai Turawa da kansu sun gano ruwan maɗaciya yana warkar da gyambon hanji, don haka a je mahauta a karɓo ta rago ko ta sa a kwankwaɗe. Jama'a, mu ji tsoron Allah da lafiyar mutane.

Ciwon da ake nufi shi ne kumburin hanji mai daɗewa, inda garkuwar jiki ke far wa hanjin mai ita. Iri biyu ne, cutar Kuron da gyambon babban hanji. Suna zuwa da gudawa, jini a bayan gida, murɗar ciki da rama. Gado da yanayin abinci suna da hannu.

To, ina aka samo jita-jitar? Hanta ce ke haɗa sinadaran ɗaci don narkar da maiƙo, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari hanji yana sake tsotse su. Ɗan ragowar ne ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji ke juya shi ya zama wani iri. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ga wannan iri na biyu ya yi ƙaranci ga masu gyambon hanji da aka yi wa tiyata. Da suka ba ɓeraye shi, kumburi ya lafa. Ɓeraye fa! Kuma tataccen sinadari ne da aka auna, wanda maɗaciyar mahauta ba ta ko kama ƙafarsa ba.

Ko tataccen ma yana da haɗari. Akwai ursodiyol da likitoci ke bayarwa don wasu cututtukan hanta. Da aka gwada shi da yawa ga masu ciwon bututun ɗaci, sakamakon 2009 ya nuna sun fi tagayyara. Wasu masu cutar Kuron kuwa ɗacin ne ma ke sa su gudawa, har sai an ba su maganin da ke ɗaure shi. Ka ƙara musu? A 1995 an samu mutane a Saudiyya da hantarsu da ƙodarsu suka taɓu bayan sun sha maɗaciyar tumaki don ciwon suga. Garin neman gira a rasa ido kenan.

In gudawa ta wuce mako huɗu, ko ka ga jini, kada ka yanke cewa basir ne ka nufi mai ganye a tasha. Je asibiti a gwada bayan gida da jini, domin atuni da tarin fuka na hanji suna kama da wannan ciwo, maganinsu kuma daban. In likita ya ce a leƙa hanji da na'ura, ka yarda. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A guji ibuprofen da diclofenac, suna iya tayar da ciwon. Mai shan taba ya bari.

Kai kuma mai yaɗa labarin, ranar da ƙodar wani ta tsaya, kai za ka biya kuɗin wankin?