Katin Tarot: Wa Ya Ba Shi Ma'ana?



Lokacin hutu, ƙawata ta ga wani bidiyo a wayar yayarta. An jera kati uku aka ce ta zaɓi ɗaya ta ga gobenta. Da aka buɗe, sai ga hoton ƙwarangwal. Kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba. Wannan ya sa na nemi sanin mene ne wannan kati da ake kira tarot.

Tarot kati 78 ne. Guda 22 su ne manya, masu hotuna irin su rana, wata, tauraro da sarki. Sauran 56 an raba su gida huɗu, kowane gida kati 14. Masu duba da shi suna cewa gidan kofi na soyayya ne, gidan kuɗi na dukiya, gidan takobi na rigima da damuwa, gidan sanda kuma na aiki da himma. Ƙwarangwal ɗin da ya tsorata ƙawata shi ne lamba 13, kuma ko su masu duban suna cewa canji yake nufi, ba mutuwa ba.

To, wa ya raba waɗannan ma'anoni? Karta ta shiga Turai ne daga Masar wajen shekarun 1370, da gidajen kofi, kuɗi, takobi da sandar ƙwallon dawaki, wasan nan da aka san Katsina da shi. Wajen 1440 mutanen Italiya suka ƙara hotuna suka yi tarot, don wasa kawai, kamar yadda ake buga karta a nan Daura. Sai bayan shekara fiye da 300 wasu mutane a Faransa suka fara cewa akwai asiri a ciki. Ke nan mutane ne suka laƙa wa katin ma'ana.

Ku kuma lura da dabarar. Idan aka ce maka “akwai damuwa a ranka, amma sauƙi na tafe”, wane ɗalibi ne wannan magana ba ta dace da shi ba ana gab da jarrabawa? Haka mai bugun ƙasa yake yi da zanen yashi: ya faɗi magana mai faɗi, kai kuma ka cike sauran da kanka.

A darasin addini an koya mana cewa Allah kaɗai ya san gaibu, kuma an hana mu zuwa wurin masu duba. Saboda haka idan irin wannan bidiyo ya fito maka, ka wuce shi. Idan kuma wani abu ya tsorata ka, ka gaya wa iyayenka ko malaminka, kada ka ɓoye. Ƙawata dai tana nan lafiya lau, kullum muna tafiya makaranta tare.

Daga 'yar Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.