Yadda ake gyara kwafin sabar idan fayil ɗin CBT ya lalace

Idan an ce CBT a Daura, jarrabawar JAMB ce ke faɗo wa matasa a rai. To akwai wani CBT ɗin a harkar sabar, kuma duk ɗalibin kwamfuta da ke shirin fita SIWES daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Sufuri da ke garin, ya kamata ya san shi. Idan ya lalace, bayanan makaranta ko asibiti na iya salwanta ba tare da kowa ya lura ba.

Mene ne CBT?

Manhajoji irin su VMware suna raba babbar kwamfuta ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci da ake kira VM. Don gudun asara, ana amfani da manhaja irin Veeam a riƙa kwafe kowace VM zuwa wata sabar ta daban. Kwafe faifai mai gigabait 500 kullum wahala ce, shi ya sa a 2009 VMware ya kawo CBT, wato hanyar lissafa sassan faifan da suka canza. Haka Google Photos ke yi a wayarka: sababbin hotuna kawai yake ɗorawa.

Ɗauki ɗan kasuwa mai shago a Daura da wani a Mai'adua. Yaronsa na rubuta duk kayan da suka shiga ko suka fita, da yamma a daidaita shagon biyu da wannan littafi. Idan ruwa ya ɓata littafin, kaya na nan lafiya, lissafi ne ya rikice. Littafin nan shi ne fayil ɗin da sunansa ya ƙare da -ctk.vmdk.

Me ke lalata shi?

Babban dalili shi ne ɗaukewar wuta farat ɗaya alhali sabar na tsakiyar rubutu, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Wani lokaci kuma kuskuren manhaja ne. A 2014 an gano cewa idan aka faɗaɗa faifai ya haura gigabait 128, CBT na iya ba da lissafin da ba daidai ba, kuma aikin ya nuna ya kammala lafiya. A mafi yawan lokuta dai za ka ga kwafin ya tsaya, ko gargaɗi mai cewa "Cannot use CBT".

Matakan gyara

1. Kashe VM ɗin yadda ya kamata, a lokacin da ba a aiki da ita.
2. Tabbatar babu wani Snapshot da ya rage a kanta.
3. Shiga saitunan Configuration Parameters, ka mayar da ctkEnabled zuwa FALSE, haka ma na kowane faifai, misali scsi0:0.ctkEnabled.
4. Buɗe ma'ajiyar VM ɗin, ka kwashe fayilolin -ctk.vmdk zuwa wata folda.
5. Kunna VM ɗin, sannan ka sake tayar da aikin kwafi. Veeam zai mayar da CBT da kansa ya buɗe sabon littafi.

A mataki na 4 ake yin ɓarna. Kusa da fayil ɗin akwai wani mai suna -flat.vmdk, kuma shi ne ainihin bayanan. Idan ka goge shi, kayan shagon ne suka tafi. Karanta sunan sau biyu kafin ka taɓa komai.

Kwafin farko bayan gyara zai daɗe, domin sai an karanta faifan daga farko har ƙarshe. Bar shi ya kwana yana yi, kuma ka tabbatar akwai inbata ko janareta da zai riƙe shi.

Masu amfani da Hyper-V na Microsoft, irin wannan aikin fayilolin .rct da .mrt ke yi tun Windows Server 2016, sai dai matakan gyaransu daban ne.

Bayan ka gama, kunna kwafin a keɓe, ba tare da haɗa shi da netwok ɗin ofis ba, ka buɗe fayiloli kaɗan ka gani da idonka. Sanya UPS mai iya kashe sabar a hankali idan wuta ta ɗauke, domin rigakafi ya fi magani.