KATAFILAR NOMA IN TA YI GARDAMA

Ya kai mai karatu, ko manomi ne kai ko dagaci mai lura da kayan jama'a, ga magana a kan tsohuwar motar noman nan mai tafiya bisa sarƙa, wadda mu ke kira katafila. Sunan ya fito daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925. Wata ƙarama cikinsu, D2, an ƙera ta daga 1938 zuwa 1957, watau wadda ta rage a hannun mutane yau ta haura shekara 60. In irin wannan ta ƙi aiki ran da ruwan shuka ya sauka, akan yi gaggawar sayen batir ko a kwance inji, kuɗi su tafi, cuta kuwa tana nan. Abin da mu ke so ka riƙe shi ne, ka fara bincike daga abu mai araha kafin ka kai ga mai tsada.

Da fari ka san halinta. D2 inji biyu gare ta: babba mai shan gas, da ƙarami mai shan fetur, wanda ya ke juya babban har ya ɗumama ya kama. Ƙaramin daga maganeto ya ke samun wuta, ana kuwa iya ta da shi da igiya. Babban ba shi da fulogi, zafin iskar da aka matse ke kunna mansa. Ashe mutuwar batir ba ta hana noma, sitata da fitilu kaɗai za ka rasa.

In batir ba ya cika

Duba kawunan batir tukuna. In ka ga farin gari ko kore, kwance wayar da ke haɗe da jikin mota da fari, ka goge su har su yi haske, sa'an nan ka ɗaure tam. Kula da kan da ke haɗe da jikin mota kafin ka cire, gama tsofaffin motoci ba duka ba ne ɗaya. Ruwa ya rufe farantan ciki. In ya ragu, ƙara tataccen ruwa, ban da na rijiya. Kada ka kusanto da wuta, domin iskar batir tana fashewa.

Batir mai gida 3 bolt 6 ne. Cikakke yakan nuna 6.3, in kuwa inji na gudu ya kamata ya kai wajen 7. In bai hau ba, laifin ba na batir ba ne, sai a nufi dinamo. In bel ke juya shi, danna da yatsa, kada ya lotsa fiye da rabin inci. Buɗe murfin dinamo ka dubi gawayin nan da ke gugar jan ƙarfe. In sun cinye a sake su, jan ƙarfen kuwa a share shi da samfefa mai laushi.

Tsakanin dinamo da batir akwai ɗan akwati mai aikin mai gadi. Yakan buɗe wa wuta hanya in dinamo ya fi batir ƙarfi, ya datse in inji ya tsaya. In bakinsa ya manne, wuta ta riƙa komawa baya ke nan, batir ya zube, dinamo ya ƙone. Alamarsa ita ce allurar agogon caji ta kwanta baya alhali an kashe kome. Nan da nan cire wayar batir.

In inji ne ke ciwo

Hayaƙi shi ne bakin inji. Baƙi yana cewa iska ta gaza ko garma ta yi nauyi. Wanke kwanon mai na matatar iska, musamman bayan ƙurar hunturu. Fari yana nuna inji bai ɗumama ba, ko ruwa ya shiga gas. Tsiyaye gindin tanki da safe, ka cika shi da maraice domin kada raɓa ta taru ciki. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, zobban fistin sun gaji. Wannan sai makaniki.

In gas ya ƙare ana cikin aiki, iska ta shiga bututu, inji ba zai kama ba sai an sassauta kusar fitar da iska har mai ya zubo ba kumfa. Ƙaramin injin kuma, in ya gama aikinsa, rufe famfon fetur ka bar shi ya mutu da kansa. In ba haka ba fetur yakan tsiyaya cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya ci kansa.

Dagatai, ku sa direba ya rubuta ranar da ya sake mai da abin da ya gyara, a kuma yi wannan duba tun da bazara, kafin hadari ya haɗu. Allah ya ba mu damina mai albarka.