Takalmin ƙarfe da zafin bazara

A watan Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Yaron da shan inna ya shanye ma ƙafa, mai sa takalmin ƙarfe, yana shan wuya ƙwarai. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, zufa tana taruwa ƙarƙashin maɗauri, fata ta saluɓe, sai gyambo.

Ga abin yi:

1. A sa doguwar safar auduga kafin takalmin. In ta jiƙe, a sake wata.
2. Kada a aje takalmin a rana.
3. Da azahar a kwance shi, a wanke ƙafa, a tsane ta sarai.
4. In bororo ya fito, a kai yaro likita.

Kada a yar da takalmin don zafi. Ƙafar da ba ta da tallafi tana iya lanƙwashewa.