Tsakanin "Kai" da "Ke"

A Hausa sau da yawa ba a gaida mutum sai an zaɓa masa ɓangare. Ko dai "ka tashi lafiya?" ko "kin tashi lafiya?" Ban taɓa jin nauyin wannan ba sai ranar da aka aike ni tasha sayen soyayyar kaza, ina yaro. Masu tuyar maza ne, ɗaya har da gashin baki, amma sun yi ɗaurin ƙirji suna ce wa juna "ke ƙawata". Na tsaya da kuɗi a hannu, na rasa bakin da zan kira mai sayarwar. Daga ƙarshe na ce "kun wuni lafiya?", na ɓuya a bayan jam'in girmamawa.

'Yan daudu ne, kowa ya san su. Wani Ba'amurke mai bincike, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Abin da ya gani shi ne da yawansu maza suke ɗaukar kansu, suna aure, suna haihuwa. Saboda haka kada mu haɗa su a kwando ɗaya da waɗanda ake kira masu sauya jinsi. Haka kuma mai sauya jinsi daban ne da mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace ba, wanda malaman fiƙihu suka kira khunsa har suka tsara masa rabon gado. Wanda nake magana a kansa jikinsa a fayyace yake, amma tun tasowarsa zuciyarsa ba ta yarda da sunan da jikin ya jawo masa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan taɓin hankali.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wata 'yar Iran ne, Maryam Khatoon Molkara. An haife ta a 1950, aka raɗa mata sunan maza, aka yi mata tarbiyyar maza. Mai riƙo da addini ce, shi ya sa ba ta so ta ɗauki mataki ba tare da fatawa ba. A 1975 ta rubuta wa Ayatullahi Khumaini wasiƙa yana gudun hijira a Iraƙi. A 1978 ta bi shi birnin Paris, ba ta samu ganinsa ba. Bayan juyin juya halin 1979 aka kore ta daga aikinta a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, aka yi mata allurar sinadarin maza da ƙarfi, aka kulle ta a asibitin masu taɓin hankali.

Da ta fito ba ta haƙura ba. A tsakiyar shekarun 1980 ta nufi gidan Khumaini a arewacin Tehran sanye da kwat ɗin maza, Alƙur'ani a hannu, takalma rataye a wuya, alamar mai neman mafaka. Masu gadi suka rufe ta da duka, sai da ɗan'uwan Khumaini ya shiga tsakani. Da aka gane halin da take ciki, matan gidan suka kawo mata mayafin da suke kira chador suka lulluɓe ta. Khumaini ya saurare ta, ya tambayi likitoci, ya ba ta takardar izini. Ta shiga gidan da kwat, ta fito da mayafi. Tiyatar ma sai bayan fiye da shekara goma aka yi mata a Thailand. Ta rasu a 2012.

Kullum idan na tuna labarin, wurin mayafin nan nake tsayawa. Mutane sun ɗauka maganar wuƙar likita ce, alhali farkon tafiyar ba ya wuce tufa da suna da murya. Mutum ya sa rigar da ya daɗe yana so, a ɗaki, ƙofa a kulle, ya dubi madubi, ya yi sauri ya cire kafin a ƙwanƙwasa. Ya gwada sabon suna a bakinsa shi kaɗai. Ranar farko da zai fita da wannan shiga, daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai ta zame masa tafiyar yini. Ga wanda yake Bahaushe ma abin ya fi tsanani: a Farisanci kalma ɗaya ce ke nufin "shi" da "ita", amma mu ko "zo nan" za mu ƙara wa "ka" ko "ki".

Jiki kuma ba ya sauri. Mai shan sinadarin mata sai ya yi wata uku zuwa shida kafin ƙirji ya fara sauyawa, cikarsa kuma shekara biyu ko uku. Maganin ba ya siranta murya, sai da horo. Ba ya kuma kawar da gemu. Sinadarin maza shi yana kaurara murya, kuma ba ta komawa yadda take. A wannan tsakanin, lokacin da mutum bai bar can ba bai kuma isa nan ba, ake fi yi masa dariya, a nan ne kuma ya fi tsanar madubi. Wasu don gaggawa sukan sayi ƙwayoyi a kemis ba likita ba gwaji, abin da ke iya jawo daskarewar jini a jijiya har ya kai ga rasa rai.

A 2018 masu bincike ƙarƙashin Stephen Russell na Jami'ar Texas suka nazarci matasa 129 masu wannan hali a Amurka. Sun gano cewa duk inda aka ƙara wurin da ake kiran matashi da sunan da ya zaɓa, gida ko makaranta ko wurin aiki ko cikin abokai, ƙuncin rai da tunanin kashe kai suna raguwa. Suna kawai, ba allura ba.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Malamai sun saɓa, kuma mafi yawan na Sunna ba su yarda da sauya jinsi ba sai ga mata-maza. A Pakistan majalisa ta yi dokar kare haƙƙin waɗannan mutane a 2018, kotun shari'a ta tarayya ta soke wasu sassanta a 2023. Amma ban taɓa jin malamin da ya halatta a tara yara su bi mutum da jifa ba, ko a tsiraita shi a ɗauki bidiyo a watsa a TikTok.

Don haka roƙona ga iyaye da yayye ne. Idan wata rana ɗanka ko ƙanwarki ta zauna gabanku, murya na rawa, ta faɗi abin da ta shekara goma tana haɗiyewa, ku sani ba wasa ya kawo ta ba. Ba na ce sai kun yarda a ranar ba. Amma kada ku ɗaga hannu, kada ku watsa mata kaya waje, kada ku kai zancen majalisar ƙofar gida. Ku bari ta gama magana, ku ba ta ruwa ta sha, ta kwana a ɗakinta, da safe ku nemi likitan da zai saurare ta ya kuma riƙe sirrinku.