Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sauya bakin busa na turampet don samun sautin jaz mai kauri

Matashin da ya koyi busa turampet a Fadikpe ko wata unguwar Minna, galibi a badujalar coci ya fara, ko ta makaranta, ko wajen masu raka ango da amarya. Busan fili ne, ana son ya yi kaifi ya keta ƙarar ganguna. Ranar da ya saurari faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959, sai ya ji wata murya daban daga ƙarfe irin nasa: mai kauri, mai taushi, ba ta tsaga kunne. Daga nan tambaya take tasowa, ko bakin busan ne zai sauya?

Inda sautin yake sauyawa

Ɗan ƙarfen nan da ake ɗora wa leɓe yana da sassa huɗu da suka shafi sauti: gefen da leɓe ke zama a kai, kwarmin ciki, maƙogwaro wato ɗan ramin da ke ƙasan kwarmin, sai bututun da ke buɗewa a hankali har ya shiga jikin turampet. A cikinsu kwarmin ne ya fi tasiri. Idan marar zurfi ne, ƙananan amo masu kaifi da ke hawa kan kowane sauti suna fitowa fili, busa ta yi tsini. Idan mai zurfi ne, sai su lafa, tushen sautin ya cika kunne. Siffa ma tana da nata aikin. Kwarmi mai kama da kwano yana da kafaɗa inda iska ke karo kafin ta shiga maƙogwaro, wannan karon yana ƙara kaifi. Mai kama da mazurari kuwa iska zarcewa take yi, shi ya sa muryarsa ta fi laushi. Miles Davis irin mai mazurarin nan ya riƙe, samfurin Heim, kuma faɗinsa ba shi da yawa. Wannan ya isa ya nuna cewa ba faɗi ake nema ba, zurfi da siffa ake nema.

Yadda ake karanta lambobin

Yawancin turampet da ake sayarwa suna zuwa da baki mai lamba 7C, tsarin kamfanin da Vincent Bach ya kafa a New York a 1918. A tsarin Bach, lamba faɗi take nunawa, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi faɗi: 7C yana da milimita 16.20, shi kuwa 1½C milimita 17. Harafi zurfi yake nunawa, A ya fi kowa zurfi, B na biye, C matsakaici, D da E marasa zurfi. Don haka mai busa da 7C da ke son kauri, 7B ko 6B ya kamata ya fara gwadawa. Chet Baker, wanda aka san shi da murya mai sanyi, ya yi shekaru da 6B.

A kula, kamfanin Schilke ya juya tsarin. A wajensa babbar lamba ce mafi faɗi, kuma A shi ne marar zurfi. Wanda ya ga 14A4a ya saya da zaton harafin A zai ba shi kauri, ya sayo bakin da aka ƙera don kaifi da hawa sama. Yamaha ma kusan haka take lissafi, 11B4 nata shi ne makusancin 7C.

Abin da za ka biya

Ba kuɗi nake nufi ba. Kwarmi mai zurfi yana cin iska, leɓe yana saurin gajiya, sautukan sama suna wuyar kamawa kuma sukan ɗan sauka ƙasa da inda ya kamata. Cin iskar da gajiyar suna ƙaruwa ma idan aka faɗaɗa maƙogwaro fiye da lamba 27 da Bach ya saba yi, kimanin milimita 3.66. Ga wanda zai yi faretin awa uku cikin zafin Maris a Minna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganina mai busa biki da rana, jaz da dare, ya riƙe baki biyu masu gefe iri ɗaya, zurfi kawai ya bambanta, don kada leɓe ya riƙa baƙunta kullum. Kuma kada kowa ya bari a huda masa maƙogwaron bakin busa wajen mai walda. Abin da aka ƙwaƙule ba ya komawa.

Ko dai wani ƙahon kake so?

Wasu kaurin da suke ji a faifai ba na turampet ba ne, na fulugel ne, ɗan'uwansa mai faffaɗan bututu. Shi Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya fi busawa, kuma gare shi Art Farmer ya koma a farkon shekarun 1960. Bakin fulugel ba ya zama daidai a turampet domin ƙafarsa daban ce, sai dai kamfanoni irin su Curry suna ƙera mai kwarmin fulugel da ƙafar turampet. Ita kuwa siririyar muryar nan ta Miles mai kama da raɗa, daga murfin Harmon take da ya cire wa sanda, ba daga bakin busa ba.

Gwaji

Ka ari na abokan badujala kafin ka aika kasuwar Alaba ko Abuja a sayo maka, ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu. Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda. Mai busa ba ya jin kansa yadda mutane ke jinsa, saboda haka ka sa wani ya tsaya nesa, ko ka ɗauka a waya. Ka ba sabon baki mako biyu zuwa uku, domin daɗin ranar farko yakan yaudari mutum, kuma kada ka yanke hukunci da leɓen da hunturu ya farfasa. Jabu sun yi yawa, an buga musu 7C alhali girmansu daban. Wanda rufin azurfarsa ya goge har tagulla ta fito, a ajiye shi, yana sa leɓe ƙaiƙayi. Rufin zinare santsi yake ƙarawa a leɓe, bai kai zurfin kwarmi tasiri a sauti ba.

Bayan haka akwai abin da na fi damuwa da shi. Leɓe da harshe suna bin sautin da kunne ya saba da shi, shi ya sa mai busa mai kaifi yakan koma kaifinsa cikin wata guda ko da sabon baki. Maganin shi ne buɗe maƙogwaronka kamar mai hamma, sakin iska mai ɗumi a hankali, jan dogayen sautuka da sassauƙar murya kowace safiya, da yawan saurare. A saurari na gida ma: Victor Olaiya, Rex Lawson, da Fela na zamanin Koola Lobitos, lokacin da turampet ne a hannunsa.