YADDA BAƘO ZAI SAMI IZNIN AIKI A NIJERIYA

Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana baƙo kama aiki a Nijeriya sai da izni. Neman iznin kuwa daga kamfanin da zai ɗauke shi yake farawa. Kamfanin zai roƙi Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida gurbin ma'aikacin waje, ya kuma nuna 'yan ƙasa da za su koyi aikin a hannunsa, domin su gaje shi.

In an ba da gurbin, sai baƙon ya nemi bizar aiki tun yana ƙasarsu. Bayan ya iso, tilas ne cikin kwana 90 kamfanin ya kai takardunsa ga Hukumar Shige da Fice, wadda za ta ba shi katin zama, watau CERPAC. Lalle a sabunta katin kafin ya ƙare.

Mutanen ƙasashen ECOWAS suna shigowa ba biza har kwana 90, bisa yarjejeniyar 1979, amma mai niyyar zama sai ya yi rajista.

Bizar ziyara ba iznin aiki ba ce. Wanda ya saɓa, ana iya mayar da shi ƙasarsu, a kuma hukunta wanda ya ɗauke shi.